Takabar da Na Yi Maka a Indiya

Zuwa ga Baban Nana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta kamaci mace ga maigidanta, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahama a makwancin da ban taɓa gani ba sai a hoto. Mu nan Konni lafiya lau. An yi ruwa shekaranjiya, gero ya yi kyau bana, kwatar ƙofar gida ta cika kamar yadda ta saba.

Na san za ka ce me ya kai ni rubuta wa mamaci takarda, har in ajiye ta inda jama'a za su karanta, kai da ko saƙon waya kake cewa in rage masa tsawo. To, shekara biyar ke nan ina ba da labarin nan guntu-guntu, kowa yana ɗaukar inda ya yi masa daɗi. A garinku Alela har yau akwai masu nuna ni da baki, wai ga matar da ta hau jirgi da takaba a kanta. Gaskiya ne, na hau. Amma takabar taka ce, yaran ma naka ne, saboda haka kai ya kamata ka ji yadda aka yi tun daga farko, da yadda aka ƙare da 'ya'yanka biyu.

Ka tuna fitowarmu daga Malbaza. Ciwon ƙodarka ya kai inda likitocin Yamai suka ce sai waje, abokan aikinka na kamfanin siminti da 'yan'uwa suka haɗa hannu har tafiyar ta yiwu. Muka kawo yaran Konni wurin tsohuwata. Nana tana da shekara takwas, Habsatu shekara biyu da wata ɗaya, ban daɗe da yaye ta ba. Ka ce wa tsohuwa wata biyu ne, kafin zafi ya yi tsanani mun dawo. Habsatu ko kuka ba ta yi ba, tana fama da ƙosai a hannu biyu.

Bizarmu ta wata uku ce. Taka ta majinyaci, tawa ta mai jinya, wato tawa a jikin taka take rataye. Wannan ban san shi ba a lokacin. Takardun duka suna cikin jakar robar nan da ka hana kowa taɓawa: fasfo biyu, tikitin dawowa, takardun likita. Ni aikina ɗaukar akwati da tuna maka lokacin magani. Na yi lakwal har aji shida, ina karanta Faransanci daidai gwargwado, amma ban taɓa buɗe fasfon nan na duba kwanan wata ba. Me zai sa in duba? Ni 'yar Konni ce. Tun ina goye ake tsallaka iyaka da ni zuwa kasuwa da biki da suna, ba wanda ya taɓa tambayar takardata. A wurina takarda abin maza ce, su da direbobin manyan motoci.

Indiyar da muka tarar ba ta fim ba ce. Tun daga filin jirgi kake tsokanata, wai in buɗe ido da kyau ko zan ga masu rawa a kan dutse. Abin da na gani hayaƙi ne da babura da mutane ba iyaka. Asibiti ya haɗa mu da tafinta, Malam Isufu, mutumin Dogon Dutsi da ya je karatu ya zauna can. Shi ya samo mana ɗaki a wani gidan haya na masu jinya. Maƙwabciyarmu Hajiya Kulu ce, Basakkwata, ta kawo mijinta aikin zuciya. Ranar da na ji ta tana faɗa da Hausa a matattakala na kusa faɗuwa don murna.

Muna cikin wata na biyu korona ta iso. Aka rufe gari, aka tsayar da jirage. Ranar da ke jikin tikitinmu ta zo ta wuce muna zaune a ɗaki. Kullum ka duba waya ka ce an ƙara sati biyu, an ƙara sati uku. Can gida ma an rufe filin jirgin Yamai, an rufe iyakar da na ɗauka ba ta rufuwa.

Hukumar can ta sanar cewa baƙin da rufewar ta rutsa da su za a ƙara musu wa'adin zama, amma sai mutum ya nema da kansa ta waya, ya tura hoto da takardu. Kai da Malam Isufu kuka yi wannan kana kwance, aka ƙara mana 'yan makonni. Ka tsayar da ni jikin farin bango za ka ɗauke ni hoto, ka ce, "Saki huska mana, ba gaban jandarma kike ba." Da ka gama ka ce, "In wa'adin ga ya matso a sake nema. Kak ki mance." Na ce to, irin to ɗin da nake cewa ga duk abin da na san kai za ka yi.

Ba korona ce ta ɗauke ka ba, ko da yake har yau wasu haka suke faɗa. Ƙodar ce. Kwana shida da kama azumi, da hantsi, ina tsaye da kofin ruwan da ka ce in miƙo maka. Mutanen masallacin unguwa suka yi maka sutura, kaɗan aka bari suka raka ka saboda dokar hana taro. Malam Isufu yana cikinsu, shi ya turo hoton kabarin. Ni aka mayar da ni ɗaki. Ba tabarma a ƙofar gida, ba mai shigowa gaisuwa, ba wadda za ta dafa kafaɗata. Na yi kuka har muryata ta dishe, wannan ba zan ɓoye maka ba.

Washegari Innarka ta kira daga Alela. Ta yi mini ta'aziyya da dauriyar da ka san ta da ita, sannan ta zayyana mini takaba, wata huɗu da kwana goma, yadda aka yi mata kuma yadda aka yi wa uwarta. In kwance kitso. Ban da turare, ban da kwalli, ban da tufa mai ado. In riƙe 'yar wuƙa kusa da ni. In zauna a ɗakin da mutuwar ta same ni. Ta rufe da abin da ya fi zama a kaina: "Kak ki hita, kak ki amsa ma namiji, ko ta salula. Hakkin mijinki na, ɗiyata."

Na riƙe maganar nan da hannu biyu. Ka san halina, in na ce zan yi abu sai na wuce inda aka tsayar da ni. Ban raka ka ba, ban zauna zaman makoki ba, ban dafa maka ko ƙwarya ɗaya ta sadaka ba. Takabar nan ita kaɗai ta rage cikin abin da zan iya yi maka, sai na ƙudura zan yi ta yadda ba mai samun abin cewa. Na sa wuƙar yanka albasarmu a ƙarƙashin matashi. Matar mai gidan tana ajiye mini shinkafa da miyar wakensu a bakin ƙofa, in ta sauka in jawo.

Bayan kwana bakwai Malam Isufu ya fara kira. Ina ganin sunansa sai in kife wayar. Ya kira da safe, ya kira da la'asar. Ya turo saƙon murya, ban buɗe ba, don murya ce ta namiji. Ya turo a rubuce, na hango farkon layin yana maganar takardu, na ce takardu su jira, ai duniyar ma gaba ɗaya a tsaye take. Har haushinsa na ji. Mutum da iliminsa, ya san ina takaba, me yake nema da ni? Unguwarmu a killace take, ba ya iya zuwa. Sai ya aiko mai gidan, tsoho mai tabarau, ya ƙwanƙwasa, ya yi ta magana da yarensu yana nuna waya yana nuna sama. Na ja mayafi na rufe ƙofa. Hajiya Kulu da za ta shiga tsakani tana asibiti, an yi wa mijinta aiki, kuma dokar lokacin in mai jinya ya shiga ba ya fita.

Kiran mata kaɗai nake ɗauka. Tsohuwata tana kira kullum, ta ba Nana, Nana ta ba Habsatu, ita kuma ta hura mini numfashi a kunne ta ce, "Mama, zo." Bayan ƙaramar salla tsohuwa ta gaya mini yayanka Sa'idu ya zo ya tafi da su Alela don sadakar arba'in. Ban yi gardama ba, jininsu ne. Amma ka san yadda ake yi a gidanku. In uba ya rasu kuma uwa ba ta kusa, ba a barin marayu wurin dangin uwa, zama ake yi a raba riƙonsu tsakanin 'yan'uwan uba. Tun ranar na san abin da ke gabana: in ban iso da wuri ba, zan tarar an raba mini yara. Na aika ta bakin matar Yaya Sa'idu cewa don Allah a jira ni. Amsar da ta dawo daga gare shi ita ce, "Muna jiranta, amma wa ya san randa jirgi za shi tashi?" Ba ƙarya ya yi ba.

Haka na zauna ina roƙon Allah ya buɗe hanya bayan kowace salla, ina kuma kife wayar duk sanda ta yi ƙara da sunan Malam Isufu.

Wata guda bayan salla aka sallami mijin Hajiya Kulu. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta turo ƙofata, ta tsaya ta riƙe ƙugu. "Ke, mi kike yi nan? Mutanenku sun tahi tun makon jiya!"

Ga abin da ya faru, yadda ta ji daga Malam Isufu. Ambasad ɗinmu, wato ofishin jakadanci, ta tattara sunayen 'yan Nijar da suka maƙale, majinyata da ɗalibai da 'yan kasuwa, aka samar musu jirgi na musamman. Marasa lafiya da waɗanda aka yi wa rasuwa su aka sa gaba. Malam Isufu da hannunsa ya rubuta sunana. Abin da ya rage uku ne: a sabunta wa'adina tunda ya ƙare, in tura sabon hoto da takardar rasuwarka, in kuma amsa da bakina cewa zan tafi. Duka ta waya ake yi. Ko ƙafa ɗaya ba sai na fitar daga ɗakin ba. Ya riƙe mini kujerar har ranar ƙarshe, sannan aka ba wani.

Ban yi kuka ba a lokacin. Hajiya Kulu kuwa ba ta raga mini ba. "Ni ma na yi takabar mijina na hwari," in ji ta, "amma ban ga inda Allah ya ce mace ta bar ɗiyanta su watse ba." Nan take ta kira wanta malami a Sakkwato, ta buɗe muryar ta ajiye wayar tsakaninmu. Ya ce abin da aka hana mai takaba ado ne da maganar aure da kwana a wani wuri ba dalili. Magana ta lalura ba ta ciki, kuma wadda mutuwa ta riska a kan tafiya tana iya komawa gidanta ta ƙarasa. Sauran, in ji shi, al'ada ce. Bayanin bai ɗauki tsawon shan kofin shayi ba. Wata biyu wayar nan tana hannuna, ban taɓa tunanin in tambayi kowa ba, don na ɗauka na sani.

Ranar na kira Malam Isufu da kaina. Allah ya saka wa bawan Allahn nan. Bai ce mini komai ba sai, "Hajiya, sai haƙuri. Mu soma daga hwarko."

Farkon kuwa ya yi nisa. Tunda wa'adin ya riga ya wuce, yanzu abu biyu ake nema, ƙarin wa'adi da takardar izinin fita. Hajiya Kulu ta tsayar da ni jikin bangon nan da ka tsayar da ni. Aka dawo da hoton farko, wai akwai inuwa. Aka dawo da na biyu, wai mayafi ya rufe goshi. Aka nemi wasiƙa daga asibiti, aka nemi wata daga mai gida cewa a nan nake zaune, wato tsohon da na rufe wa ƙofa. Ya rubuta, har ya haɗo mini da ayaba. A makonnin nan na koyi abin da ban koya ba a shekara goma sha ɗaya na aurenmu. Na haddace lambar fasfona, na san ranar da aka buga kowane hatimi, ina buɗe waya in duba ko an amsa kafin in wanke fuska.

Maganar jirgi kuwa kullum da sabuwa. Yau a ce akwai wanda zai bi ta Habasha, gobe a ce an soke. A ce an buɗe sayar da kujeru, kafin Malam Isufu ya shiga sun ƙare. Sai aka samu na mutanen Najeriya, Hajiya Kulu da mijinta suka samu wuri. Ta yi iya yinta a sa ni, aka ce na 'yan ƙasa ne kawai. Tsakanin gidanmu da nata bai kai tafiyar awa biyu a mota ba, harshenmu ɗaya, tuwonmu ɗaya, amma fasfonta ya hau nawa bai hau ba. Ta bar mini tukunyarta da sauran kuka da daddawa. Na tsaya a taga ina kallon motarsu har ta sha kwana.

A tsakanin nan kiran Alela ya fara gajarta. Matar Yaya Sa'idu ta ce yara lafiya lau, ta ce ana gaishe ni, ta ce cajinta zai ƙare. Nana ba a cika ba ta waya ba. In na ce a ba ni Habsatu, tana barci, ko ta bi yara, ko yanzu ta fita. Tsohuwata ma in na tambaye ta sai ta shiga labarin ruwan sama. Ni ba yarinya ba ce, na san ana ɓoye mini wani abu. Na ƙi matsawa ne don ina tsoron amsar, kuma ko an faɗa mini ba ni da fiffike.

Takardar izinin fita ta zo dab da babbar salla. Aka buɗe filin jirgin Yamai, Malam Isufu ya samo mini kujera ɗaya a jirgin da zai sauka ƙasa biyu kafin ya kai gida, kwana goma bayan salla. Sai an yi gwajin korona, sai na je buro, wato ofishin hukuma, da ƙafata an buga hatimi. Na kira Innarka da kaina, don ban so ta ji a bakin wani. Ta ce, "Saura kwana nawa?" Na ce ranar tafiyar zai rage ashirin da shida. Ta ce, "Ba ki iya haƙurin kwana ashirin da shidda?" Na gaya mata ba wanda ya san ko akwai wani jirgin bayan wannan, kuma izinin fitar ma yana da wa'adinsa. Wannan ne karo na farko tun da aka kawo ni gidanku da uwarka ta yi magana ban ce to ba.

A hanyar filin jirgi na roƙi Malam Isufu a bi ta maƙabarta. Ƙofar a kulle take. Ya nuna mini kan wata bishiya ta saman katanga, ya ce kana daga gabas da ita. Na yi maka addu'a daga cikin mota, direba yana duba agogo. A filin jirgi kuma na'ura ta yi ƙara a kaina, wata ma'aikaciya ta zaro wuƙar albasar daga ƙullin zanina ta ɗaga sama tana tambaya. Da wane yare zan yi mata bayanin takaba? Na bar mata ita, na wuce.

Kwana biyu muka yi a hanya, takunkumi a fuska, ana zaunar da mu nesa da juna. A Yamai aka ce kowa ya killace kansa mako guda, na yi shi a ɗakin wata 'yar'uwar tsohuwata, ina ƙirga kwanakin da yatsa. Da na sauka Konni na ga tsohuwa ta kasa haɗa ido da ni, ban ko kwance kaya ba na tare kabu-kabu zuwa Alela. Bayan namiji, da takaba, da rana tsaka. Wannan ma yana cikin abin da ake lissafa mini har yau.

Nana ce ta fara hango ni. Ta zubar da tulun da ke kanta ta rugo ta ƙanƙame ni. Ina riƙe da ita ina duba bayanta, ina duba ƙofar kowane ɗaki. Innarka tana zaune a bakin nata. Na durƙusa na gaishe ta. Abin da ta fara tambaya shi ne wa ya yi maka wanka, kuma an fuskantar da kai alƙibla. Na ba ta amsa, na nuna mata hoton kabarin. Ta daɗe riƙe da wayar kusa da idonta. Da ta miƙo mini ita ta ce, "Zali ta tahi Arlit da ƙaramar."

Zali ƙanwarka da ke aure can Arlit, shekara goma sha biyu da aure ba haihuwa. Ta zo gaisuwa ta tarar da Habsatu tana ta rigima ba ta cin abinci, ta goya ta, yarinyar ta lafe a bayanta. Ba su yi gaggawa ba, Baban Nana, wannan zan faɗa don Allah. Sun jira wata guda cur bayan arba'in. Abin da ya yanke maganar shi ne labarin da ya iso cewa jirgin 'yan Nijar ya sauka Yamai kuma ba na ciki. Suka ce ke nan sai na gama takaba, bayan ta ma wa ya sani. Yaya Sa'idu ya miƙa wa Zali yarinyar a gaban manya. Innarka ta ce kada wanda ya gaya mini, kada a ɓata mini takaba.

Daga baya na zauna na lissafa. Kwana goma sha tara ne tsakanin tashin jirgin farko da ranar da Zali ta hau mota. Waɗanda suka zo a cikinsa an killace su sati biyu a Yamai. Ko da haka, da na riga ta da kwana uku.

Na ƙarasa sauran kwanakin a ɗakin Innarka, a kan tabarma, yadda take so. Ranar fita na yi wanka na sa sabon zani, na nemi 'ya'yana. Nana aka ba ni ba gardama. Habsatu kuwa Yaya Sa'idu ya sunkuyar da kai ya ce, "Abin da anka ba da gaban manya, ni ba ni iya amso shi. Ki tahi ku yi magana da ita."

Bayan girbi na tafi Arlit, kwana biyu a mota. Na tarar da ita ta yi ƙiba, an yi mata kitso ƙanana, da lalle a tafin hannu. Da na miƙa hannu ta ɓuya a bayan zanin Zali tana leƙena. Zali ta zube ta riƙe ƙafafuna tana kuka, ta ce, "Yaya, in kin ɗauke ta ki haɗa da ni." Mutane sun ce in je wurin alƙali, ba wanda zai hana uwa ɗiyarta. Na sani. Na yi kwana huɗu ina kallonsu. In ta faɗi wurin Zali take gudu, in ta ji yunwa sunan Zali take kira. A shekara ɗaya an raba ta da ni, an raba ta da tsohuwata, an raba ta da Nana, sai na kasa zama mai raba ta da ta huɗu. Na hau mota ni kaɗai. Har yau ban san ko daidai na yi ba.

Yanzu tana da shekara bakwai, tana lakwal, ana cewa tana da kai. Tana zuwa mana a babban hutu. Tafiyarka ce da ita sak, har jan ƙafar hagun nan. Tanti take ce mini, kamar wata gwaggo, ba Mama ba. Bara Zali ta zaunar da ita ta gaya mata gaskiya, ta ce ai ta sani, ta ci gaba da Tantinta. Nana ta shiga kwaleji, ta fi ni tsawo, ta gaji bakina. Ni ina ɗinki a zauren tsohuwa. Masu zuwa neman aure sun zo, na ba su ruwa na sallame su, kada ka ɗauka don kai ne kaɗai, wasunsu ko kai za ka yi musu dariya.

Innarka ta riga mu gidan gaskiya shekara biyu da suka wuce, in Allah ya haɗa ku ka gaishe ta. Ba ta taɓa tayar da maganar ba sai sau ɗaya, muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ba ta ko dube ni ba ta ce, "Da na sani da ban ce ko ta salula ba." Na ce ya wuce. Kuma a wurinta ya wuce ɗin, don abin da aka koya mata ta koya mini. Wanda ya ƙi wucewa nawa ne, ni da aka ce kada in mance na mance, ni da na ga saƙo na ƙi buɗewa.

Mutanen Alela suna jira in nemi gafara don na hau jirgi. A kan wannan ba ni da abin da zan roƙa. Gafarar da nake nema a wurinka ta wata biyun nan ce da na zauna ina ganin kai nake yi wa. Na yi kewarka, Baban Nana, ina kuma yi har yanzu, amma ba kewa ce ta sa ni rubutun nan ba. Ka bar mini 'ya'ya biyu, ɗaya ce a hannuna. Ka yafe mini.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa mutanen ƙasar da suka binne ka ba su san ka ba su samu mai binne su da mutunci. Allah ya saka wa Malam Isufu da Hajiya Kulu da alheri. Allah ya raya Nana, ya raya Habsatu a hannun da take, ya ba Zali ladan riƙo, ni kuma ya ba ni haƙurin da ban da shi. Amin.

Matarka,
Maman Nana da Habsatu,
Birnin Konni.